Baƙuwar da Hajiya Furera Ta Raka Bakin Ƙofa

Hajiya Furera ba ta taɓa mutum da hannu mai sanyi. Ko jariri za a miƙa mata a gidan suna, sai ta fara murza tafukanta, ta hura musu iska, ta ɗora bayan hannu a kumatu ta ji, sannan ta ce, "To, kawo shi." Matan masallaci sukan yi mata dariya, ita kuwa ba ta yin bayani. Waɗanda suka san aikinta sun san inda ta samo ɗabi'ar.

Shekara ashirin da ɗoriya ta yi tana kula da tsofaffin ƙasar nan a gidajensu. Daga Hyattsville take fita, ta hau bas, ta hau jirgin ƙasa, ta sauka a wata unguwa mai manyan bishiyoyi inda 'ya'ya suka yi nisa suka bar iyaye. Ta yi wa tsohuwa wanka, ta shafa mata mai, ta canza zanen gado, ta juya tsoho don kada bayansa ya yi gyambo. Duk abin da jikin mutum ke saki idan ƙarfi ya ƙare, babu wanda ba ta kwashe ba. Ba ta taɓa kawo labarinsa gida ba. In aka ce mata ya aiki, sai ta ce, "Da godiya."

Ba wannan ya kawo ta Amurka ba. Mijinta Ɗanliti ne ya zo karatu, ta biyo shi daga Kano da yarinya a goye. Karatun ya tsaya a hanya, tuƙin tasi ya maye gurbinsa, kuma a cikin tasin ne zuciyarsa ta tsaya wata rana da la'asar. 'Yan'uwa a gida suka ce ta dawo. Ta dubi yarinyar, lokacin ta shiga sakandare, ta ce bari dai ta gama. Yarinya ta gama sakandare, ta gama jami'a, ta yi aure, ta haihu. Furera ba ta sake zuwa Kano ba sai da ziyara.

Sadiyya ne sunan 'yar, amma ba a bakin uwarta za ka ji shi ba. 'Yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya bar mata. "Ke," take ce mata, ko "'yar nan," da jika ta zo kuma ta koma "uwar Afnan." Sadiyya a nan ta tashi, Hausarta tana ɗan ɗingishi, kuma tun tana ƙarama take tsokanar uwar.

"Umma, ki faɗi sunana sau ɗaya mana. Ba abin da zai same ki."

"Ji mini yarinya."

Ba ta faɗa ba.

Mijin da Sadiyya ta aura, Rilwanu, injiniya ne, da girmansa ya zo daga Kano. Ɗan gidan mutunci ne. A durƙushe yake gaida Furera, ba ya cin abinci a gabanta, ba ya ɗaga ido ya dube ta. Ita ma ba ta kiran sunansa, Injiniya take ce masa. Mata sukan ce mata ta yi dace, a ƙasar da suruki ke miƙa wa uwar matarsa hannu a tsaye. Ta kan ce, "Allah ne." Amma ana ganin tana jin daɗin maganar.

Ciwon ya same ta a kicin ɗin wata tsohuwa, tana dama mata abin karin safe. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti, ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba, kuma wani abu ya tafi tare da shi wanda ba a zata ba. Turancin da ta tara a gidajen mutane ya bar bakinta. Tana ji, tana gane yawancinsa, amma in ta buɗe baki Hausa ce ke fitowa, ita ma a hankali. Aka saki ɗakin hayarta na Hyattsville, aka kawo ta Bowie gidan Sadiyya, aka sa mata gado a ɗakin ƙasa inda Rilwanu ke ajiye littattafansa. Tun daga ranar bai sake taka ɗakin ba. Daga bakin ƙofa yake gaisuwa.

Sadiyya a kantin magani take aiki, a tsaye wuni guda. Kafin ta fita sai ta ɗaga uwar, ta yi mata wanka, ta sa mata kaya. Da rana ta kan saci lokacin cin abincinta ta tuƙo mota ta zo, don ba kullum Furera ke kai wa banɗaki a kan lokaci ba. Injin wanki na gidan ya daina hutawa. Abin da ake wankewa kuwa, tsakanin uwa da 'ya ya tsaya. Shugaban kantin ya yi wa Sadiyya magana sau ɗaya da fara'a, ya sake yi ba fara'a.

Akwai tallafin gwamnati da ake yi wa irin wannan hali, ta hanyar abin da suke kira Medicaid. In aka amince da mutum, za a riƙa biyan mai kula da shi ta zo gida kullum. Furera ta san shi sarai, don rabin albashin da ta ci a rayuwarta ta nan ya biyo. Ƙofofi biyu ne. Ta farko, a tabbatar ba ka da komai. Wannan kam ta shige ta ko sunkuyawa ba ta yi ba, aikin shekara ashirin bai bar mata abin da zai tare hanya ba. Ta biyu, a turo nas ta zo gida ta gani da idonta, ta ji da kunnenta, cewa lallai ba ka iya yi wa kanka abubuwan da mutum ke yi wa kansa. In an samu, Furera za ta zauna a ɗakinta, Sadiyya ta riƙe aikinta. In ba a samu ba, saura gidan tsofaffi. Furera ta taɓa yin aikin Asabar da Lahadi a irin waɗannan gidaje. Abin da kawai aka taɓa ji ta ce a kansu shi ne, "Allah kada ya kai mu."

Ana saura kwana kaɗan nas ta zo, Salimatu ta kawo ziyara. 'Yar zangon Kumasi ce, ƙawar aikin Furera tun farkon zuwan Salimatu ƙasar nan, mace mai murya kamar tana kiran wani a tsallaken titi. An riga an shirya, in tallafin ya fito, ita za a nema ta riƙa zuwa.

"Hajiya Fure, ki saurare ni. Ranar ba ranar kwalliya ba ce. Ranarki mafi muni za ki faɗa musu, ba mai kyau ba."

"Ni... za ki koya wa?" in ji Furera, kalma bayan kalma. "Wa ya koya miki juya mutum a gado?"

"Ke ce. Shi ya sa nake tsoro. Na san ku Kanawa, ƙafarku na cikin wuta kuna cewa lafiya lau."

"Ku kuma 'yan zango, sauro ya cije ku unguwa ta ji."

Suka yi dariya. Gaskiya ne Furera ta sha faɗa wa iyalan tsofaffinta wannan maganar da bakinta: kada ku gyara ta, kada ku ɓoye komai, ku bar su su gani.

An sa ranar ne a hutun Sadiyya. Da safiyar ranar aka bugo daga kanti, wata ba ta da lafiya, dole ta zo. Ta riga ta cinye duk uzurin da za ta iya bayarwa. Rilwanu ya ce ba komai, zai zauna ya yi tafinta.

Da Sadiyya ta gama yi mata wanka ta ɗauko doguwar rigar da take sawa kullum, Furera ta kau da kai.

"Leshina. Mai ruwan goro."

"Umma, ba biki za ki ba."

"Baƙuwa za a yi."

"Ba baƙuwa ba ce, nas ce! Zuwa za ta yi ta ga yadda kike."

"A gidan Injiniya za ta shigo. Ta tarar da ni kamar wadda aka yar?" Ta nuna kujerar fo da ke gefen gado da ledar famfas. "Waɗannan ma. Ki kai gareji."

"Wallahi ba zan kai ba."

Furera ta rufe baki, ta ƙi karɓar maganin safe. Sadiyya ta dubi agogo, ta dubi uwarta, ta sake duban agogo. Aka sa leshi, aka ɗaura ɗankwali, aka sa kwalli. Kujerar ta tafi gareji. Har turaren wuta sai da aka kunna. A bakin ƙofa Sadiyya ta ce wa mijinta da Turanci ya faɗa wa nas komai da komai. Ya ce to.

Nas ɗin baƙar Ba'amurkiya ce, ta fara furfura, mai sanyin murya. Ta tarar da tsohuwa zaune a kujerar falo kamar uwar amarya, gida na ƙamshi, an ajiye mata shayi da cincin. Rilwanu ya zauna a kan kafet can kusa da ƙofa, kansa a ƙasa. Nas ta ce in ana so akwai tafinta ta waya, a samo mai jin Hausa. Furera ta gane, ta girgiza kai da sauri. Hausawan wannan yanki nawa ne? Duk wanda ya ɗaga wayar nan, ranar Idi sai ta haɗu da matarsa a sahu.

Aka fara. Tana cin abinci da kanta? Da hagu, tana ci. Sa kaya fa? Wanka fa?

"Hajiya, wai... batun wanka," in ji Rilwanu, yana kallon kafet.

"Alhamdu lillahi."

Ya juya, ya ce wa nas ta ce tana yi, sai dai 'yarta tana ɗan taimaka mata. Iyakar abin da ya sani ke nan, ko iyakar abin da ya yarda ya sani. Nas ta ce taimakon kamar yaya? Furera ta ɗaga hannun hagu ta nuna mata yana aiki, ta yi murmushi. Nas ta rubuta.

Sai aka zo kan tambayar. Nas ta yi ta a fili, da kalmomin aikinta, kuma Furera ba ta buƙaci tafinta ba, kalmomin aikinta ne ita ma. Rilwanu ya yi gyaran murya, ya gyara zama, ya sake gyaran murya.

"Hajiya, wai ko akwai wata damuwa ta... ɓangaren zagayawa."

Furera ta dubi bango. Amsar tana nan a shirye, ta san ta kamar yadda ta san sunanta. Ta san kuma abin da ke rataye a kanta. Amma daga bakinta za ta fita, ta shiga kunnen mijin 'yarta, ya juya ta da nasa harshen, sannan gobe da safe ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce ina kwana.

"Babu komai," ta ce. "Mun gode Allah."

Nas ɗin ba yarinya ba ce. Ta daɗe tana kallonta. Ta matso da kujera, ta sake tambaya a hankali, mace da mace, ta ce ko kai kawai ta gyaɗa. Sannan ta ce ko tana so mutumin ya ɗan fita? To ai cewa ya fita ma amsa ce. Furera ta yi murmushi, ta tura mata farantin cincin.

Da nas ta haɗa takardunta ta miƙe, Furera ta laluba sandarta. Nas ta ce a'a, ta zauna, ba sai ta tashi ba. Rilwanu ma ya ce, "Hajiya, ni zan raka ta." Amma Furera tun da take ba ta taɓa barin baƙo ya fita gidanta tana zaune ba. Ta tattara duk abin da ya rage a jikinta ta miƙe a yunƙuri ɗaya, abin da rabonta da shi tun kafin asibiti. Ta ratsa falon, leshi na jan ƙasa, har bakin ƙofa, har ta ɗaga hannu ta ce a gaida gida. Nas ta shiga mota, ta ɗan jima tana rubutu kafin ta tayar.

Motar na shan kwana, ƙafar ta ce iyakarta ke nan. Furera ta riƙe jikin ƙofa, ba gaba ba baya. Rilwanu ya miƙa hannu, ya janye. Ya ruga ya ɗauko kujera ya ajiye a bayanta, ta faɗa a kai. Sai ya ga wani abu a jikin leshin, ko kuwa bai gani ba, ya ce bari ya duba wani abu a gareji. Can ya zauna har Sadiyya ta zo da rana. Leshin nan ba a sake ganinsa a jikin Furera ba.

Bayan wasu makonni amsa ta zo. An duba, buƙatarta ba ta kai matakin da ake ba da mai kula ba. Tana iya neman a sake dubawa, sai dai a jira.

Bangon gidajen Bowie ba shi da kauri. Daga gadonta Furera ta ji Sadiyya da mijinta a kicin.

"Me ka ce wa matar nan?"

"Abin da Umma ta ce."

"Ba ka san wa ke wanke zanen gado a gidan nan ba? Kullum injin yana yi, kai a tunaninka labule nake wankewa?"

"Sadiyya, mahaifiyarki ce fa. Da wane baki zan faɗi haka tana zaune?"

"Da bakin da kake cin tuwo!"

Daga nan Sadiyya ta koma Turanci. Can ta shigo ɗakin da kwanon abinci, ta ajiye shi da ƙarfi.

"Umma, shekara ashirin kina yi wa iyayen wasu. Naki ya zo, kin ce babu komai."

"Ke ba ki san kunya ba."

"Kunyar ce ke ɗaga ki daga gado? Bayana ne ke ɗaga ki."

Tana faɗa ta kama bakinta. Ta sunkuya za ta gyara matashi, rigarta ta ɗage, Furera ta ga baƙar ɗamarar nan mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu idan baya ya fara ciwo. Ta san ta. Ta kashe irinta ba ɗaya ba, ba biyu ba. Furera ta ci abincin duka, abin da ba ta saba ba.

Washegari ta sa aka kira mata Salimatu. Ta ce in za a sake zuwa, ba ta son tafinta, ba na waya ba, ba na gida ba. Da bakinta za ta faɗa, da Turanci, ƙofa a rufe. Salimatu ta zaɓo mata jimloli uku gajeru, ta riƙa zuwa duk Lahadi bayan azahar suna maimaitawa kamar 'yan makarantar allo.

Ta farko ita ce, ba na iya wanka ni kaɗai. Harshen ya yi ta tuntuɓe, Salimatu na dariya tana cewa, "Ei, Hajiya Fure, wannan Turancin ko a Kumasi ba za a saya ba." Furera ta ce, "Naku da ake yi da hanci?" Amma ta zauna a bakinta. Ta biyu, ba na iya tashi daga gado sai an ɗaga ni. Ita ma ta zauna, har ta kan faɗe ta ita kaɗai tana jan carbi.

Ta ukun, ta batun zagayawa, ta fi su gajarta. Furera ta kan fara, ta faɗi kalmar farko, sai ta tsaya.

"Ƙarasa mana."

"Shayin zai huce."

"Bar shayi. Kalmar nan sau dubu nawa kika faɗe ta? Kullum in za ki tashi aiki sai kin faɗa wa mai karɓar ki."

"A kan wasu, ba a kaina ba," in ji Furera.

Salimatu ta zuba shayin.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne, Sadiyya na kanti, Afnan na makaranta, Rilwanu yana aiki a sama da kwamfutarsa. An bar wa Furera ƙararrawa a gefen gado don ta kira shi. Buƙata ta taso wadda ba ta ƙararrawa ba ce. Ta ɗauki sanda. Ta kai banɗakin, wannan kam ta kai. Rilwanu ya ji ƙarar faɗuwa, ya sauko a guje, ya tsaya a bayan ƙofa.

"Hajiya! Lafiya?"



"Lafiya lau, Injiniya."

Hannunsa na kan mariƙin ƙofar ya kira motar asibiti, ya kira matarsa. Bai murɗa ba. Ƙartai biyu da ba ta taɓa gani ba suka shigo suka ɗauke ta yadda suka same ta. Ƙashin ƙugu ya karye.

A asibiti ba wanda ya tambaye ta komai. Masu jinya suna rubuta abin da suka gani safe da yamma, kuma abin da suka rubuta ya wadatar. Wata ma'aikaciya ta tari Sadiyya a baranda da fara'a ta ce mata an dace, yanzu mahaifiyarta ta cancanta. Sai dai yanzu mutum biyu ke ɗaga ta, ɗakin ƙasa na Bowie ba zai iya da ita ba. An samu gado a wani gidan tsofaffi, ba nisa sosai, gwamnati za ta biya.

Ɗakin mutum biyu ne, labule a tsakani. Sadiyya tana zuwa kullum bayan aiki. Rilwanu yana zuwa ranar Juma'a da tuffa da lemo, ya durƙusa a bakin ƙofa, ma'aikata suna ratsa shi da keken magani. Ya rame. Furera ta kan ce, "Injiniya, an gode, Allah ya yi albarka," kuma da gaske take.

Salimatu ba ta daina zuwa ranar Lahadi ba. Ta ce ta bincika, akwai hanyar da ake mai da mutum gida daga irin wannan wuri, a ba shi mai kula, in ƙashin ya haɗu. Za a sake turo wata ta yi tambayoyi.

"Saboda haka kada ki ce mini an tashi daga makaranta. Bismilla. Ta farko."

Furera ta faɗa, tsaf.

"Ta biyu."

Ta faɗa.

"To, saura ɗaya. Yau dai sai ta fito, ko na kwana a nan."

Furera ta ja numfashi, ta faɗi kalmar farko, ta faɗi ta biyu, wadda ba ta taɓa kaiwa ba. Sai wata yarinya ma'aikaciya ta shigo da safar hannu da leda, ta ce a yi haƙuri lokacin canji ya yi, ta ja labule. Salimatu ta fita baranda ta tsaya. Da ta dawo, Furera ta juya fuska wajen bango.

"Mu ƙarasa?"

"Sai wani Lahadin."

Ƙashin bai haɗu ba. Sanyi ya shiga ƙirjinta a ƙarshen hunturu, kafin a sa ranar zuwan mai tambayar, Allah ya jiƙanta. Jimla biyu ta iya, kuma ta iya su da kyau. Ta ukun a rabi ta bar ta.